Labaran Fiyus da Hannuwan Idrisu Mai Guga

Ba ubansa ne ya raɗa masa Fiyus ba. 'Yan kamfani ne suka laƙa masa, don abu kaɗan ne yake ƙona shi, kamar fiyus ɗin lantarki. Ka taka masa ƙafa a layin shiga aiki, kafin ka buɗe baki ka ce yi haƙuri ka riga ka sha mari, kunnenka na ta kuka. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa kamar faranti. A Sharada ta wancan zamanin, lokacin da jiniyar kamfanoni ce ke gaya wa mutane safiya ta yi, kowa ya san Labaran Fiyus, kuma ba mai son haɗa benci da shi a wajen mai shayi.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Ɓaɓura, dab da iyakar Nijar. Farin saba'in da uku ne ya koro shi. Gero ya ƙone a tsaye, awakin gidansu suka bi juna suna mutuwa, ya ɗare bayan wata motar shanu ya shigo Kano da riga ɗaya. Ya fara da dako a Bompai, yana loda buhuna a wani sito. Akawun siton ya ce masa jaki, ya ɗaga akawun sama ya maka shi a kan sikeli. Aka kore shi. Ya koma Challawa, kamfanin jima, inda warin fata ke bin mutum har kan tabarma. Can ma wani ya ɓoye masa takalmi da sunan wasa, ya tsoma kan mutumin a ramin jiƙa fata, sai da ƙarti suka taru kafin a ɓamɓare shi. Aka kore shi.

A na uku ya zauna, wani kamfanin saƙa bargo a Sharada. Ba halinsa ne ya gyaru ba. Baba Uwaisu ne, helman ɗakin inji, yake neman ƙaton da zai riƙa mirgino durom ɗin man gas ya zuba wa janareta duk sanda aka ɗauke wuta. Baba Uwaisu gajeren tsoho ne mai bakin tsiya, kuma shi kaɗai ne a duk faɗin Kano Labaran ke yi wa magana murya ƙasa-ƙasa.

Wata rana suna cin rogo a bakin ɗakin injin, Labaran ya nuna manyan wayoyin da suka ratsa ta bayan katanga.

"Baba, wai da gaske ne abin nan daga ruwa yake fitowa? Ko dai raina wa ɗan ƙauye hankali ake?"

"Daga ruwa. An datse Kwara a Kainji. Ruwan na faɗowa kan wasu fankoki, kowace ta fi ɗakin nan, su juya inji irin namun nan amma kakansa. Wutar ta hau dogayen ƙarafan can, ta biyo ta Kaduna, ta sauka a Kumbotso. A nan za a rage mata ƙarfi a raba ta, wannan Challawa, wannan Sharada, wannan Bompai. Taransifomar bakin titi ta sake rage ta kafin ta shiga gidan mutum. In aka bar ta yadda ta taso, ko tokarka ba za a samu a kai Ɓaɓura ba."

"To in ruwa ne ubanta, me ya sa ta fi cin wanda ya jiƙe?"

"Kai ma ai ubanka salihin manomi ne, ga ka nan kana dukan bayin Allah."

Karatun gaske kuwa ba da baki ya zo masa ba. Akwai wani Mamman mai wanke daɓen kamfani, mutumin Zinder, ba ruwansa da kowa. Yana cikin wanki ya ga wata waya kwance a hanya, ya sunkuya ya ɗauke ta don kada ta jiƙe. Ashe robar bayanta ta saɓule. Labaran yana kallo. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne Mamman bai yi ihu ba. Hannunsa kawai ya damƙe wayar, ya miƙe ƙyam, haƙora a datse, jikinsa na kaɗawa kamar ganye. Haruna, abokin ɗakinsa, ya rugo ya rungumo shi ta ƙugu don ya fizge shi. Shi ma ya manne. Labaran ya yunƙura zai bi, sai ji ya yi an shaƙo wuyan rigarsa ta baya an wurgar da shi. Baba Uwaisu ne. Tsohon ya suri wani katako, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke a damtsen Haruna. Ƙas. Haruna ya faɗi can. Baba Uwaisu ya sake ɗagawa ya sauke wa Mamman a tsintsiyar hannu, wayar ta faɗi. Ya haye kan Mamman yana danna masa ƙirji, yana dannawa, har aka ji haƙarƙari ya yi ƙara. Mamman bai dawo ba. Haruna ya rayu da karyayyen hannu.

Da aka ɗauke gawar, Baba Uwaisu ya ja Labaran bayan janareta, ya yi ɗage, ya sharara masa mari. Karon farko ke nan da aka mari Labaran bai rama ba.

"Da ka je da kun zama uku, ɗan banza. Buɗe kunnenka. Wutar nan ba ta sakin mutum, riƙe shi take. Hannun nan da ka ga ya damƙe, ba nasa ba ne kuma. In makunni na kusa, kashe. In ba ya kusa, busasshen icce. Ka doka kamar maƙiyinka ne. In ya faɗi ba numfashi, ka hau ƙirjinsa ka yi ta dannawa, ko uwarka ce ta kira ka kada ka waiwaya. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Shekaru suka ɗan ja. Labaran ya auro Safiyatu daga garinsu, mace mai shiru da ba ta tsoronsa ko kaɗan, suka kama ɗaki a wani gidan haya a bayan kamfanoni. Dogon gida ne, ɗakuna layi biyu suna kallon juna, tsakar gida a tsakiya, famfo ɗaya. Mai gidan wani Alhaji ne da ke zaune a Hotoro, sai a yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Shekarar da aka kafa falwayoyi a layin ya sa aka ja wuta. Mai wayarin ɗin da ya ɗauko na araha ne: mita ɗaya a zaure, waya ta fito daga nan ta bi ta kan kwanon rufi, tana yin rassa tana faɗawa ɗakuna. Ranar da ƙwayayen lantarki suka kama, mata har guɗa suka yi. Aka rataye fitilun ƙwai na kananzir a ƙusa. Wannan ya sayo fanka, wancan rediyo mai kaset, wata ta samo tsohon firji tana ƙulla ƙanƙara.

A ƙarƙashin mitar akwai wani ɗan tangaran fari da ake zarewa, da siririyar waya a cikinsa kamar gashin doki. Shi ne fiyus. Labaran ya sha yi wa mutanen gidan bayani a tsawace: an yi wayar nan siririya ne da gangan, in kaya suka yi wa layi yawa ita za ta ƙone, a huta, maimakon gidan ya ƙone. Suka ce to. Ba wanda ya damu, tunda in ta ƙone shi ke ɗaura sabuwa.

Sai Idrisu ya tare a ɗakin ƙarshe.

Idrisu ɗan 'yar'uwar mai gidan ne, haifaffen Na'ibawa, ɗan birni mai ƙwalisa da fito. Sana'arsa wanki da guga. Kakin ma'aikata, fararen rigunan akawuna, duk shi ake kawo wa, kuma ya iya, in ya karya maka kari a wando sai ya kwana uku bai kwanta ba. Da ya ga wuta a gida sai ya jingine dutsen gugar gawayi, ya sayo na lantarki har biyu, ɗaya nasa ɗaya na matarsa Sauda. Ya ƙara da hita da yake tsomawa a bokiti yana dama sitaci. Da ya jona su ukun, sai ka ji ɗas daga zaure. Fanka ta tsaya, rediyo ya mutu a tsakiyar labarai, ƙanƙara ta fara zuba.

Labaran ya ɗaura siririyar waya. Ta ƙone. Ya sake. Ta ƙone. Idrisu ya gaji, ya zare tangaran ɗin ya cusa masa ƙusa. Shi ke nan, wuta ta daina yankewa, gida ya yi ta sa masa albarka. Labaran ya dawo daga aiki ya ga ƙusa, ya zare ya yi jifa da ita kan rufi. Washegari ya tarar da wata.

"Kai mai guga! Wa ya mayar da ƙusar nan?"

Idrisu bai ko ɗago daga kan teburinsa ba. "Ni ne. Injiniya an dawo? Yaya Kainji?"

"Za ka ƙona mu."

"Tun da na sa, wa ya ƙone? Kai da aka haifa a gindin aci-balbal, yau kai ne za ka koya wa 'yan birni zama da lantarki? Mirgina durom fa kake yi, Labaran. Durom."

Ba a san sanda Labaran ya tsallake kwata ba. Teburin guga ya kife, fararen riguna suka zube a caɓi. Idrisu ba rago ba ne, ya ɗauki dutsen guga da zafinsa ya manna wa Labaran a kafaɗa, fata ta yi cuu. Labaran ya kai masa naushi ɗaya a baki, haƙoran gaba biyu suka fita. Suka yi ta birgima a tsakar gida, mata na salati, bokitai na tarwatsewa, har maza suka shigo daga waje suka raba. Ana jan Labaran, kafaɗarsa na tashin ƙauri, ya nuna Idrisu da yatsa, ya faɗi maganar da kowa a layin ya ji:

"Wallahi a gidan nan za a ɗauki gawarka, kuma ina tsaye!"

Shi yana nufin ƙusar. Ba wanda ya ɗauka haka.

Mai unguwa ya zaunar da su, ya sa suka yi musabaha ba mai kallon wani. Bayan nan Idrisu ya kira kafinta, aka yi wa mitar akwatin katako, aka sa kwaɗo, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Gidan kawunsa ne, wa zai ce masa don me?

Damina ta faɗi. Gidan ya fara warin ƙonanniyar roba, musamman da rana in duwatsun guga na aiki. Safiyatu ta ce wa Labaran ƙofar kwanon banɗaki tana cizo in an taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Ya ɗaga kai ya kalli rufi. Ya gane. Wayar da ta bi ta kan kwano ta sha zafi har rigarta ta narke, tana lasar kwanon. Ya je ƙofar Idrisu, ya danne fushinsa, ya ce a ba shi makulli ya duba. Idrisu ya yi dariya da giɓinsa ya ce ya je ya kawo takardar shaidar injiniya tukuna. Labaran ya juya ya tafi, yana ayyanawa a ransa ranar hutunsa zai sa guduma ya farfasa akwatin, in ya so a sake zama gaban mai unguwa.

Abin bai jira ranar hutun ba.

An yi ruwa da safe, rana ta buɗe bayan azahar. Labaran ya taso daga aikin safe, ko takalmin robar kamfani bai cire ba, ya zauna a bakin ɗakinsa Safiyatu ta ajiye masa kwanon ɗanwake. Tsakar gida duk ruwa. Idrisu na can yana shanya, ƙafa ba takalmi, wando a naɗe, yana fito. Igiyar shanyarsa ba igiya ba ce, wayar ƙarfe ce, don igiya ba ta ɗaukar nauyin jiƙaƙƙen kaki. Ya ɗaure bakinta ɗaya a ƙusar kwanon rufi, ɗaya a jikin katangar ɗaya ɓangaren.

Fiton ne ya yanke.

Labaran ya ɗago da loma a hannu. Idrisu na tsaye a kan yatsun ƙafa, hannu biyu a damƙe da wayar, kai ya karye baya, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa. Kayan da ke kan wayar duk suna rawa. Sauda na bakin ƙofarta da dutsen guga a hannu, har ta fara dariya, ta zaci shaƙiyancinsa ne. Sai ta ga idonsa ya juye. Ta saki dutsen ta kwasa da gudu, hannu a miƙe.

Labaran ya riga ta. Ba lokacin magana. Ya bangaje ta da kafaɗa, ta yi sama ta faɗi, bakinta ya daki gefen turmi. Zaure ya faɗo masa a rai, sai ya tuna kwaɗo, ya tuna makullin yana ƙugun mutumin da ke kan wayar. Ya waiga. Taɓarya na jingine a ƙarƙashin rumfa, inda ruwa bai taɓa ba. Ya sure ta.

Ya sauke ta farko a hannun daman Idrisu. Bai saki ba. Ya ƙara, da dukkan ƙarfin da yake mirgina durom, ƙashi ya ce ƙas, hannun ya faɗo yana lilo. Na hagun na nan a damƙe. Ya koma gefe ya auna tsintsiyar hannun ya sauke. Idrisu ya zube a caɓi kamar jiƙaƙƙen bargo. Labaran ya jawo shi ta wuyan singileti nesa da wayar, ya kara kunne a hancinsa. Shiru. Ya haye kansa, ya haɗa tafukansa a tsakiyar ƙirjin, ya fara dannawa.

Sauda ta miƙe, jini na zuba daga bakinta har kan zani. Abin da ta gani ke nan: mijinta a ƙasa hannuwa a karye, taɓarya a gefe, Labaran Fiyus a kan ƙirjinsa.

"Wayyo Allah jama'a! Ya kashe shi! Labaran ya kashe Idrisu!"

Lokacin canjin aiki ne, titi cike da maza. Masu jiran shiga aikin yamma, masu shan shayi, 'yan garejin da ke kallon gidan. A garejin nan Lawan yake, ƙanin Idrisu uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da ƙarfen cire taya a hannunsa ya shigo. Zaure ya cika. Ba wanda ya tambayi komai. Me za a tambaya? Duk sun ji rantsuwar da kunnensu.

"Lantarki ne!" Labaran ya ɗaga murya bai daina dannawa ba. "Wayar shanyar nan! Kada kowa ya taɓa ta!"

"Lantarkin ubanka! Lantarki ne ya ɗauki taɓarya?"

"Ku duba, ƙarasa shi yake!"

Dukan farko a gadon baya ya sauka, da wani guntun bulo. Na biyu ƙafa ce a haƙarƙari. Labaran ya ji abin nan ya taso masa, abin da ya jefa akawu kan sikeli, ya ji yatsunsa na son dunƙulewa. Ya san in ya miƙe, uku daga cikinsu ba za su fita da ƙafarsu ba. Amma in ya miƙe hannunsa zai bar ƙirjin. Ya dunƙule kai tsakanin kafaɗu ya ci gaba. Danna. Danna. Wani ya fasa masa bokitin ƙarfe a ka. Danna. Jininsa na ɗiga a fuskar Idrisu.

"Safiya!" ya yi ƙaraji. "Gatari! Fasa akwatin, ki zare tangaran ɗin!"

Bai ga ko ta ji ba. Ƙarfen Lawan ya same shi a gefen fuska, duniya ta yi fari, sannan ta yi ja. Hannuwa suka kama shi ta ko'ina, aka fizge shi daga kan Idrisu, aka ja shi a caɓi har gindin famfo, aka rufe shi da duka.

Ta tsakanin ƙafafuwan mutane, da idon da ya rage yana gani, ya hango mata sun kewaye Idrisu. Iya Rakiya, tsohuwar ɗakin farko, ta sunkuya ta ga tafin hannunsa, layin ƙuna ya ratsa shi fari fat. Ta ja da baya tana tafa hannu.

"La'ilaha illallahu, da gaske ne, lantarkin ne! Ku matsa, kada wadda ta taɓa shi! Ai ƙanin aradu ne. Sai an zuba masa nono tukuna. Ke, ruga bakin titi ki nemo 'yar Fulani!"

Matan suka dare. Idrisu na kwance shi kaɗai a tsakiyar fili, baki a buɗe, ba mai taɓa shi, ana jiran nono. Masu dukan kuma ba su ji abin da tsohuwar ta ce ba, hayaniyarsu ta cika gidan.

Wannan ne ya tayar da Labaran. Bai kai wa kowa hannu ba. Ya dai yunƙura da mutum biyu a bayansa, ya zubar da su, ya rarrafa. Gwiwa da gwiwar hannu, cikin ruwa da sitaci da jini. Ana dukansa yana tafiya. Ya isa, ya ɗora tafukansa inda suke ɗazu, ya danna. Kafaɗarsa ta hagu ta ƙi ɗaukar nauyi, ya kwantar da ƙirjinsa a kan hannun ya danna da jikinsa gaba ɗaya.

Lawan ya tsaya a kansa yana huci, yana kuka. "Sake shi! Na ce ka sake min ɗan'uwa!" Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, sama can, don ya gama da shi a bugu ɗaya.

Bakin ƙarfen ya taɓi wayar shanya.

Tartsatsi ya tashi shuɗi, aka ji tas kamar an fasa kwalba. Lawan ya yi baya ya faɗi zaune a cikin kwata, ƙarfen ya yi nasa wuri. Ya riƙe hannuwansa a ƙirji yana kallonsu. Gidan ya yi tsit. Kowa ya ɗaga kai ya kalli wayar da kakin mutane ke rataye a kai, wayar da tun shigowarsu suke wucewa ta ƙarƙashinta. Wani dogo da hularsa ke gogar ta ya durƙushe a hankali.

Daga zaure aka ji sara. Aka ji na biyu, katako ya tsage. Fankar da ke juyawa a ɗakin Iya Rakiya ta yi sanyi ta tsaya. Safiyatu ta fito, ɗankwali ya zame, gatari a hannu ɗaya, farin tangaran a ɗaya, ƙusar cikinsa ta yi baƙi ƙirin. Ta jefar da shi a gaban mazan.

Labaran bai ɗago ba. Yana dannawa yana zagi ƙasa-ƙasa. "Tashi, ɗan iska. Tashi, mai giɓi. Ba za ka mutu a hannuna ba, wallahi ba za ka ja min ba. Tashi!"

Aka shigo da ƙwaryar nono da gudu. Ya ce duk wadda ta matso da ita sai ya fasa mata a ka. Ba wadda ta matso.

Sai Idrisu ya yi wani irin gurnani, kamar an zare toshiyar kwata. Ƙirjinsa ya ɗaga da kansa. Ya yi tari, ya yi amai, ya ja iska da ƙara, ya sake ja. Labaran ya juya shi ya kwantar da shi ta gefe, ya zauna daɓas a cikin ruwa, sannan ya kife.

A bayan a-kori-kura ɗaya aka kwashe su, waɗanda suka yi dukan su ne suka ɗauka. Idon hagun Labaran bai tsira ba, likita ya ce ƙarfen ya fasa shi. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari uku sun tsage. Mirgina durom ya ƙare. Baba Uwaisu ya yi ta faɗa a ofis har aka bar shi a ɗakin inji yana duba mai da ruwan janareta, ya yi shekaru a haka, har lokacin da kamfanonin suka fara rage ma'aikata a ƙarshen shekarun tamanin, ya koma ɗaura wayarin gidaje a Na'ibawa. Idrisu kuwa hannun damansa ya ɗoru a karkace, bai ƙara riƙe dutsen guga da kyau ba, sai ya koma karɓar kaya da mayarwa, Sauda na yin gugar. Alhajin Hotoro ya zo da kansa ya sa aka sauke wayoyin daga kan kwano.

A asibiti ɗaki ɗaya aka kwantar da su, gado na kallon gado. Lawan ya zo ya durƙusa a gaban gadon Labaran, hula a hannu, yana ba da haƙuri yana sharɓe hanci. Labaran ya juyo da lafiyayyen idon ya dube shi sama da ƙasa.

"Tashi ka tafi. Ka bari in warke, sai mu yi maganar."

Lawan ya fita da baya da baya.

Idrisu kwana biyu bai yi magana ba. Hannuwansa biyu a cikin filasta, an rataye su, Sauda ke ba shi kunu a baki da leɓenta a kumbure. Da ta fita wanke kwano, ya juyo da kai da ƙyar.

"Kai, Fiyus."

"Mene ne?"

"An ce sau uku ka doke ni."

"Uku."

"Ɗaya ba zai isa ba?"

"Ka ƙi saki."

Idrisu ya mayar da ido kan silin. Can ya ce, "Tsakaninka da Allah. Da kana sauke taɓaryar nan, ba ka ji daɗi ba?"

Labaran ya juya fuska ga bango.

"Na biyun," ya ce. "Na biyun na ɗan ji."

Idrisu ya fashe da dariya, haƙarƙarin da aka danne ya soke shi, dariyar ta koma tari, tarin ya koma salati. Nas ta leƙo ta daka musu tsawa ta ce nan ba tasha ba ce. Da ta tafi ya numfasa, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Hancina na ƙaiƙayi. Ba ni da hannu."

"Sai ka jira matarka."

"Haba Labaran."

Labaran ya ja tsaki mai tsawo. Ya sauko da ƙafafunsa daga gado ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe, ya dafa bango, ya taka.